Cututtukan da Ke Fakewa da Sunayen Wasu: Ƙwayoyin Bakteriya na Ƙasa da Ruwa da Magungunansu a Yankin Noma na Funtuwa da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan cututtuka uku da ƙwayoyin bakteriya mazauna cikin ƙasa da ruwa ke haddasawa, wato meliyodosis da maisetoma da leftosifirosis, tare da hanyar magance kowace. An ɗora bayanin a kan yankin noma na Funtuwa da Malumfashi da ke kudancin Jihar Katsina, inda noman damina da na rani ke haɗa fatar manomi da laka kusan duk shekara. Maƙalar ta nuna cewa alamomin waɗannan cututtuka suna shiga ƙarƙashin sunayen da Bahaushe ya riga ya saba da su, kamar zazzaɓi da shawara da tarin fuka da daji, alhali maganin kowace ya sha bamban da na cutar da aka laƙaba mata sunanta. Saboda haka, ƙarancin da ake jingina musu yana da alaƙa da ƙarancin gwaji da rashin suna. Daga ƙarshe an kawo shawarwari a kan rigakafi da kuma rawar da manazarta harshe da al'adun Hausawa za su taka wajen samar da sunayen da za su shiryar da mara lafiya.

Fitilun kalmomi: bakteriya, ƙasa, fadama, sunayen cututtuka, Funtuwa, Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan cututtukan da ake wayar da kan jama'a a kansu a ƙasar Hausa, irin waɗanda mutum ke ɗauka ne daga wani mutum ko daga cizon ƙwaro. Tarin fuka da sanƙarau da ƙyanda suna bin numfashi, zazzaɓin cizon sauro kuwa sunansa ya bayyana hanyarsa. Amma akwai wani rukuni na daban wanda mazauninsa na asali shi ne turɓaya da laka da ruwan kududdufi. Ƙwayoyin wannan rukuni ba su buƙatar jikin ɗan'adam domin su rayu. Suna zaune a gona tun kafin manomi ya zo, kuma suna shiga jikinsa ne kawai idan suka sami kafa, ta tsagar fata ko ta numfashi ko ta ruwan sha. A nan karin maganar nan ta sami gurbi sosai, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Littattafan likitanci sukan sanya waɗannan cututtuka cikin waɗanda ba a cika gani ba. Sai dai gani yana da sharaɗi. Ba a tabbatar da ɗaya daga cikinsu sai an yi gwaji na musamman, kuma likita ba ya neman gwajin cutar da bai yi zatonta ba. Mara lafiya ma ba ya ambaton abin da ba shi da sunansa. Manufar maƙalar ita ce ta fayyace yadda cututtukan suke, da yadda ake magance su, sannan ta nuna inda harshe ya shigo cikin lamarin.

2.0 Yankin Funtuwa da Malumfashi

Yankin da ake magana a kansa ya ƙunshi ƙananan hukumomin Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Faskari da Sabuwa da Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara. Shi ne sashen da ya fi samun ruwan sama a Jihar Katsina, domin abin da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Daga wajen Funtuwa ne Gulbin Sakkwato ya samo asali. An san yankin da noman auduga da masara da dawa da waken suya da shinkafa, ga kuma rake da tumatir a fadamun Ɗanja da kewaye. A tsakiyar shekarun 1970 Funtuwa ta kasance ɗaya daga cikin wurare uku na farko da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya, tare da Gusau da Gombe. Madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye sun ƙara faɗaɗa noman rani, ta yadda manomi da yawa ba su rabuwa da laka ko bayan ɗaukewar ruwa.

Yankin ba baƙo ba ne ga binciken lafiya. A shekarun 1970 masana daga Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful da Jami'ar Ahmadu Bello sun gudanar da wani babban shirin bincike a Malumfashi, wanda sakamakonsa ya riƙa fitowa a jere tun daga 1977. Sun yi aiki mai zurfi a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, har suka bi diddigin yadda mutane ke shiga ruwa a madatsar Ruwan Sanyi. Haka kuma, a wannan yanki ne Murray Last ya yi nazarin yadda Hausawa ke neman magani, wanda ya haifar da maƙalarsa ta 1981 a kan muhimmancin fahimtar abin da mutane ba su sani ba ko ba su damu da su sani ba. Waɗannan ayyuka biyu sun nuna cewa mu'amala da ruwa a yankin ta yau da kullum ce, kuma mai neman magani sau da yawa sauƙi ne a gabansa, ba tantance tushen cuta ba.

Wani abin lura shi ne yanayin ƙafar manomi. Huɗa da dashen shinkafa da ban ruwa duk ayyuka ne da akan yi su ba takalmi, ko da silifa da laka ke cire shi. Hunturu yana barin kaushi da faso a diddige, fartanya da lauje suna barin yanka, ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ta farar ƙaya suna barin huji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce.

3.0 Cututtukan da Magungunansu

3.1 Meliyodosis

Ƙwayar da ke haddasa wannan cuta ita ce Burkholderia pseudomallei. Alfred Whitmore da C. S. Krishnaswami ne suka fara bayyana cutar a birnin Rangun na ƙasar Bama, a rahoton da suka buga a 1912. Ƙwayar tana zaune a cikin ƙasa mai danshi, kuma tana da juriya ta ban mamaki, domin an gwada ta a tataccen ruwa da babu abinci a cikinsa ta rayu shekara 16. Da rani takan kasance a can ƙasa, idan ruwa ya sauka sai ta taso sama. Wannan ne ya sa a arewa maso gabashin Tailan da arewacin Ostareliya, inda aka fi nazarin cutar, akasarin masu kamuwa da damina suke kamuwa. Tana shiga ta rauni, ko ta shaƙar ƙura da feshin ruwa lokacin hadari, ko ta shan ruwan da ba a tsabtace ba. Ba kasafai take tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba. Awaki da tumaki da aladu ma suna kamuwa da ita.

Ba kowa ne ƙwayar ke kayarwa ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ciwon sukari, waɗanda sukan kai kusan rabin marasa lafiyar da ake gani, sai masu ciwon ƙoda da masu daɗaɗɗen ciwon huhu da masu yawan shan giya. Alamomin sukan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 21. Wani zai zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon huhu, jininsa ya gurɓace cikin 'yan kwanaki. Wani zai zo da maruru a fata, ko tarin mugunya a hanta ko saifa. Wani kuma zai yi watanni yana tari yana ramewa yana gumin dare, har hoton ƙirjinsa ya yi kama da na mai tarin fuka. Saboda wannan ne likitoci ke yi mata laƙabi da cuta mai kwaikwayo.

Wani nazari da Direk Limmathurotsakul da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa mutum 165,000 ne ke kamuwa da cutar a duniya kowace shekara, 89,000 daga cikinsu suna rasuwa. Nazarin ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen Afirka da yanayinsu ya fi dacewa da ƙwayar. Akwai kuma hujjoji na zahiri. A farkon shekarun 1970 an gano ƙwayar a jikin aladu a mayankar birnin Yamai. A 2011 an ba da rahoton wata mara lafiya da aka tabbatar mata da cutar a Ingila bayan ta dawo daga ziyara a Nijeriya. Sannan a 2023 aka buga sakamakon gwajin ƙasar da aka ɗebo a 2019 daga gonakin shinkafa na sassa daban-daban na Nijeriya, wanda ya tabbatar da ƙwayar tana nan, musamman a kudu maso gabas. Abin da wannan ke nufi ga yanki mai fadama da shinkafa da masu ciwon sukari a fili yake, wato likita yana da dalilin sanya cutar a cikin abubuwan da yake zato.

Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar renon ƙwayar a ɗakin gwaji, daga jini ko majina ko mugunya ko fitsari. Matsalar ita ce, ma'aikacin da bai saba da ita ba yana iya ɗaukarta a matsayin wata ƙwaya mara muhimmanci da ta faɗo daga waje, ya zubar.

Maganinta mataki biyu ne. Na farko shi ne allura ta jijiya, seftazidim ko meropenem, na aƙalla kwana 10 zuwa 14, kuma yakan kai makonni da dama idan cutar ta taɓa ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne shan kotirimokzazol, wanda jama'a suka fi sani da Septrin, tsawon wata 3 zuwa 6, domin a kawar da ragowar ƙwayar kada ta dawo. Wani gwaji da aka yi a Tailan aka buga a 1989 ya nuna seftazidim ya rage mace-macen masu tsananin cutar da rabi, daga kashi 74 zuwa kashi 37 cikin ɗari. Babban abin damuwa shi ne ƙwayar ba ta jin fenisilin da ampisilin da jentamaisin, kuma seftiriyazon ba ya wadatarwa. Waɗannan kuwa su ne magungunan da aka fi saurin ɗaurawa mai zazzaɓi mai tsanani. Maganin tarin fuka na wata shida ma ba ya warkar da ita.

3.2 Maisetoma

Idan meliyodosis mai gaggawa ce, maisetoma mai sanɗa ce. An fara bayyana ta a rubuce-rubucen likitancin zamani a yankin Madurai na Indiya a 1842, shi ya sa ake kiranta ƙafar Madura. Tana yaɗuwa a wani zirin duniya da ya ratsa Meziko da Senegal da Muritaniya da Mali da Nijar da Cadi da Sudan da Yaman har zuwa Indiya, kuma arewacin Nijeriya yana cikin wannan ziri. Ƙwayar tana shiga ne ta sukar ƙaya ko tsinke ko wani ƙaramin rauni. Bayan watanni ko shekaru sai a ga ƙullutu a ƙarƙashin fata, yawanci a ƙafa, wanda ba ya zafi. A hankali kumburin yana girma, ƙananan ƙofofi suna buɗewa, suna fitar da ruwa haɗe da wata tsaba mai kama da ƙwayar gero ko yashi. Idan aka bar ta sai ta ci tsoka ta kai ga ƙashi. Samari da magidanta manoma da makiyaya ne ta fi kamawa, wato masu ƙarfin gida.

Cutar iri biyu ce, kuma bambance su shi ne rabin magani. Akwai wadda bakteriya ke haddasawa, kamar Nocardia da Actinomadura da Streptomyces. Akwai kuma wadda fangas ke haddasawa, wato dangin funfuna, musamman Madurella mycetomatis. Launin tsabar yana ba da haske. Baƙar tsaba ta fangas ce, jar tsaba ta Actinomadura pelletieri ce, rawaya takan kasance ta Streptomyces somaliensis, fara kuwa tana iya zama ta kowane ɓangare. A binciken da Michel Develoux da abokan aikinsa suka buga a 1988 a kan marasa lafiya 133 a Jamhuriyar Nijar, irin na bakteriya ya fi yawa, kuma mai jar tsaba ya fi yawa a kudancin ƙasar, wato sashen da ke maƙwabtaka da arewacin Nijeriya.

Wannan bayani yana da daɗin ji ta wata fuska, domin irin na bakteriya yana jin magani ƙwarai. Ana ba da kotirimokzazol na watanni masu yawa, kuma idan ciwon ya yi nisa akan haɗa da allurar amikasin. Tsarin da likitocin Meziko suka fito da shi a 1987 shi ne a yi allurar mako 3 tare da shan ƙwayar magani mako 5, a maimaita zagayen gwargwadon buƙata. Amikasin yana iya taɓa ƙoda da ji, don haka dole a riƙa auna su. Irin na fangas kuwa yana buƙatar itirakonazol na kusan shekara tare da tiyata, kuma ya fi yawan dawowa. Wanda ya makara a kowane iri yana iya rasa ƙafarsa.

Cibiyar da ta fi shahara wajen nazarin cutar ita ce ta Jami'ar Hartum da aka kafa a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, wadda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya dagula ayyukanta. A 2016 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya maisetoma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

3.3 Leftosifirosis

Ƙwayar Leptospira tana zaune a ƙodar dabbobi, musamman ɓeraye, haka nan shanu da karnuka da aladu. Tana fita ta fitsari, ta rayu makonni a cikin ruwa ko ƙasa mai danshi, sannan ta shiga jikin mutum ta rauni ko ta ido da hanci da baki. Likitan Jamus Adolf Weil ne ya bayyana nau'inta mai tsanani a 1886, masanan Japan kuma suka gano ƙwayar a 1915. Ƙiyasin da aka buga a 2015 ya nuna sama da mutum miliyan ɗaya ke kamuwa a shekara, kusan 59,000 suna rasuwa.

Da can an ɗauka cutar ta ƙasashe masu yawan ruwa ce kawai. Binciken da Gauthier Dobigny da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya sauya wannan fahimta, domin sun sami ƙwayar a jikin ɓerayen lambunan noman rani na birnin Yamai, wurin da ya fi kudancin Katsina bushewa nesa ba kusa ba. Darasin shi ne ban ruwa yana ƙirƙiro wa ƙwayar mazauni ko da sama ba ta zubar ba. Gonar rake da ta shinkafa da lambun tumatir duk suna haɗa abubuwa ukun da take buƙata, wato ɓera da ruwa da mutum mara takalmi.

Cutar takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon tsoka, musamman a sha-raɓa, da jan ido ba tare da kwantsa ba. Yawancin mutane suna warkewa. Kimanin ɗaya cikin goma kuwa cutar takan tsananta, ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu saboda ƙoda ta gaza, wani lokaci a riƙa tarin jini. Maganinta ba shi da wuyar samu. Mai sauƙi ana ba shi doksisaikilin na mako guda, ko amoksisilin ga mai juna biyu da ƙananan yara. Mai tsanani ana yi masa allurar fenisilin ko seftiriyazon, tare da ƙarin ruwa da wankin ƙoda idan ta kama. Amfanin maganin ya fi yawa idan an fara shi a kwanakin farko.

4.0 Suna a Matsayin Matakin Farko na Magani

Idan aka dubi sunayen cututtuka a Hausa za a ga da yawansu alama suke bayyanawa. Zazzaɓi zafin jiki ne, shawara rawayar ido ce, gyambo miki ne da ya ƙi warkewa, tundurmi ƙatuwar ƙafa ce, daji kuma ciwo ne mai ci yana yaɗuwa. Wannan tsari yana da hikimarsa, domin yana ba mutum damar bayyana abin da yake gani. L. Lewis Wall a littafinsa na 1988 da Ismail Abdalla a nasa na 1997 sun yi bayanin yadda wannan tsari ya cuɗanya da tunanin zafi da sanyi da kuma magungunan Musulunci. Inda matsala take shi ne, kowane suna yana jan mara lafiya zuwa wata ƙofa ta neman magani.

Mai leftosifirosis da idonsa ya yi rawaya, shawara za a ce yana yi. Sanannen abu ne cewa Hausawa da yawa suna ganin shawara ba ta son allura, sai jiƙo da saiwa. Ke nan sunan da aka ba ciwon ya raba shi da allurar da za ta cece shi. Mai meliyodosis zai fara da maganin zazzaɓin cizon sauro, ya koma na taifot daga kyamis, idan tari ya daɗe a ce tarin fuka ne. Kowane mataki yana cin kuɗi da lokaci, ƙwayar kuwa ba ta jin ko ɗaya. Mai maisetoma kuma, tun da kumburin ba ya zafi, zai ci gaba da noma har shekaru. Idan ƙofofi suka buɗe sai a ce daji ne, ko a ce ya taka sammu. Daga nan sai wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, ko a shafa magani, ƙashi kuma yana lalacewa a ciki.

Kuskuren suna ba a gida kaɗai yake tsayawa ba. Ma'aikacin lafiya yana fassara abin da mara lafiya ya faɗa zuwa sunan da ke cikin littafinsa, kuma idan lokaci ya ƙure yakan tsaya a kan cutar da ta fi yawa. Hakan daidai ne a mafi yawan lokuta, tun da zazzaɓin cizon sauro ya fi waɗannan cututtuka yawa nesa. Amma tambayoyi uku kacal suna iya sauya alƙiblar bincike. Wace sana'a kake yi? Ka shiga laka ko ruwan gona a makonnin nan? Kana da ciwon sukari? Ga mai kumburin ƙafa kuma a ƙara da tambayar ko yana fitar da tsaba, kuma wane launi.

Hausa ta riga ta nuna tana iya ƙirƙirar sunan da ke ɗauke da darasi. Zazzaɓin cizon sauro ya koya wa mutane amfanin gidan sauro, cuta mai karya garkuwar jiki kuma ta bayyana yadda ciwon ke aiki. Bisa wannan tafarki, maƙalar tana ba da shawarar a yi nazarin sunaye kamar zazzaɓin laka ga meliyodosis, da kumburi mai tsaba ga maisetoma, da shawarar fadama ga leftosifirosis. An guji kiran ta ƙarshen da zazzaɓin ɓera ne saboda kada ta rikice da zazzaɓin Lassa, wanda shi ma ɓera ke yaɗawa amma maganinsa daban. Ba a zaune a ofis ake tabbatar da irin waɗannan sunaye ba. Sai an kai su kasuwar Ɗandume da fadamun Ɗanja an ji yadda kunnen manomi ya karɓe su, an kuma tattaro kalmomin da manoma da wanzamai da ungozoma suke amfani da su tun asali.

5.0 Rigakafi da Shawarwari

Babu allurar rigakafin meliyodosis ko maisetoma da ake yi wa mutane, kuma ba mai iya tsabtace ƙasar gona daga ƙwayoyin da ke cikinta. Abin da ya rage shi ne toshe ƙofa. Dogon takalmin roba lokacin dashe da ban ruwa, da takalmi mai rufi lokacin sassabe da kiwo, su ne kariya mafi araha. Duk raunin da aka ji a gona a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai tsabta a rufe, kada a cusa masa ƙasa ko toka. A shafa wa faso mai domin ya haɗe kafin damina. A tafasa ruwan rafi ko na kududdufi kafin a sha, a kuma killace rumbu da abinci daga ɓera. Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar kiyaye waɗannan.

Ta fuskar magani, akwai gargaɗin da ya wajaba. Ganin cewa Septrin yana cikin maganin biyu daga cikin cututtukan, kuma ana samunsa a ko'ina, ba ya nufin mutum ya saya ya sha da kansa. Adadin da ake buƙata da tsawon lokacin sun sha bamban da na yau da kullum, kuma maganin yana iya haddasa saɓulewar fata mai haɗari, ko ya taɓa jini da ƙoda. Shan sa rabi da rabi kuma yana koya wa ƙwayoyi bijirewa. Wanda zazzaɓinsa ya ƙi sauka bayan maganin farko, ko wanda ake yi wa maganin tarin fuka ba tare da gwaji ya nuna ƙwayar ba kuma bai samu sauƙi ba, ko mai ƙullutun ƙafa da ya wuce 'yan makonni, ya kamata a tura shi inda ake renon ƙwayar cuta. Manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi suna da hanyar tura marasa lafiya zuwa asibitocin koyarwa na Shika da Katsina da Kano.

Ga hukumomi da jami'o'i, ayyuka uku ne suka fi cancanta. Na farko, a gwada ƙasar fadamun yankin kamar yadda aka yi a wasu sassan ƙasar a 2019. Na biyu, a horar da ma'aikatan ɗakunan gwaji su gane ƙwayar meliyodosis. Na uku, a haɗa masana harshe da likitoci su tsara ƙamus na alamomin ciwo kamar yadda manoman yankin ke faɗarsu, a kuma shirya saƙonnin rediyo da za a riƙa sakawa gab da faɗuwar damina. Wanzamai da masu magungunan gargajiya su ne suke fara ganin kumburin ƙafa, don haka koya musu gane tsaba zai iya ceton ƙafafu da yawa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cututtuka uku da ke fitowa daga ƙasa da ruwa, ta nuna cewa sharuɗɗan kamuwa da su sun haɗu a rayuwar manomin Funtuwa da Malumfashi, kuma binciken da aka yi a Nijeriya da Nijar ya tabbatar da ƙwayoyinsu a wannan sashe na Afirka. Dukkansu suna da magani. Meliyodosis tana buƙatar allura ta musamman da watanni na shan ƙwaya, maisetoma ta bakteriya tana warkewa idan an zo da wuri, leftosifirosis kuwa magani mai araha ya ishe ta a kwanakin farko. Abin da ke shiga tsakanin mara lafiya da waɗannan magunguna shi ne sunan da aka fara kiran ciwonsa da shi. Gyara wannan suna aiki ne da ya rataya a wuyan manazarcin Hausa kamar yadda gwajin jini ya rataya a wuyan likita.